Tarihin Yanayi a Cikin Ƙasa: Gargaɗi Ne ko Uzuri?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rijiya ana haƙa ta ya san cewa ƙasa ba iri ɗaya ba ce daga sama har ƙasa. Da farko mai haƙa zai fito da baƙar ƙasar noma. Daga nan ya shiga jan rairayi, can ya tarar da yumɓu, ko tsakuwa, ko marmara. Tsofaffin masu haƙa sun san waɗannan shimfiɗu kamar yunwar cikinsu, har sukan ce, "In ka ga irin wannan laka, to ruwa ya kusa." Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, kowace shimfiɗa tana ɗauke da labarin zamanin da ta kwanta. Rairayin da iska ta tara yana nuna lokacin fari. Yumɓun da ya kwanta a gindin tafki yana nuna lokacin ruwa. Ƙashin kifi a tsakiyar hamada kuwa ba ya bukatar tafinta.

Masana sun koyi karanta wannan labari, sun kuma koyi sa masa shekaru. Abin da suka karanto ya nuna cewa yanayin duniya ya sha sauyawa tun kafin a ƙera mota ko a gina masana'anta. To, daga nan ne ra'ayi ya rabu. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin uzuri, suna cewa, "Ai dama can yanayi yana sauyawa, don me za mu tayar da hankalinmu?" Ra'ayina shi ne, waɗannan mutane sun karanta labarin a baibai. Abin da ke rubuce a cikin ƙasa gargaɗi ne, kuma ya wajaba 'yan Nijeriya su koyi karanta shi da kansu. Amma kafin mu yanke hukunci, bari mu ga yadda ake karatun.

Yadda ake sanin shekarun shimfiɗa

Ƙa'ida ta farko mai sauƙi ce. A shekarar 1669 wani masani ɗan ƙasar Denmak, Nicolas Steno, ya bayyana cewa idan ba a hargitsa ƙasa ba, shimfiɗar da ke ƙasa ta girmi wadda ke samanta. Kamar tabarmi ne da aka jibga: wadda aka fara ajiyewa ita ce a ƙasa. Wannan ƙa'ida tana nuna wa ya riga wa, amma ba ta faɗin yawan shekaru. Sanin yawan shekaru sai da agogo, kuma an dace akwai agogo iri-iri a cikin ƙasa.

Wanda ya fi shahara shi ne agogon kabon-14. Kabon sinadari ne da ke jikin kowane abu mai rai. Akwai wani nau'insa da ake kira kabon-14, wanda yake samuwa a can saman sararin sama, ya gauraya da iska. Tsirrai suna zuƙarsa, dabbobi da mutane kuma su same shi ta hanyar abinci. Muddin abu yana da rai, yana ta karɓar sabo. Da zarar ya mutu sai karɓa ta tsaya, wanda ke jikinsa kuma ya shiga raguwa bisa wani ƙayyadajjen tsari. Bayan shekara 5,730 rabi ne zai saura. Bayan shekara 11,460 sai rubu'i. Bayan shekara 17,190 sai kashi ɗaya cikin takwas. Saboda haka idan aka auna abin da ya saura a jikin gawayi, ko ƙashi, ko itace, za a iya lissafa lokacin da ya mutu. Wani Ba'amurke, Willard Libby, shi ne ya fito da wannan hanya a ƙarshen shekarun 1940, ya kuma sami lambar yabo ta Nobel a kanta a 1960. Sai dai agogon yana da iyaka, domin bayan kimanin shekara 50,000 abin da ya saura ya yi ƙanƙanta, ba ya aunuwa yadda ya kamata.

To, ina batun rairayi, wanda bai taɓa rai ba? Shi ma yana da nasa agogon. Ƙwayar rairayi idan ta binne, takan riƙa tara wani ɗan ƙarfi daga sinadaran da ke kewaye da ita, kamar yadda tulu ke cika da ɗigon ruwa. Hasken rana yana zubar da wannan ƙarfi gaba ɗaya. Don haka masana sukan kafa bututu a jikin tudun rairayi, su ɗebo samfuri ba tare da haske ya taɓa shi ba, su kai ɗakin gwaji mai duhu, su auna ƙarfin da ya taru. Ta haka ake sanin rabon da ƙwayar ta ga rana, wato lokacin da iska ta binne ta.

Akwai kuma hanyar ƙirga zalla. A wasu ƙasashe itace yakan ƙara zobe ɗaya a cikin gangar jikinsa kowace shekara. A wasu tafkuna laka takan kwanta falle-falle, kowace shekara da nata. Haka ma ƙanƙarar da ke ƙuryar kudu da ƙuryar arewacin duniya. Ana ƙirga waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake ƙirga shafukan littafi.

Sanin shekaru rabin aiki ne. Ɗaya rabin shi ne sanin yadda yanayi yake a lokacin, kuma nan ne burbushin halittu ke shigowa. Garin furen tsirrai yakan daɗe a cikin laka dubban shekaru bai lalace ba, kuma kowane tsiro da siffar nasa. Idan an duba da madubin ƙara girma aka ga garin furen itatuwan kurmi, an san an yi ruwa da yawa. Idan na ciyayin hamada ne, an san an yi fari. Ɓawon katantanwa da ƙashin kifi su ma sukan nuna ko ruwan mai daɗi ne ko mai gishiri, mai zurfi ne ko marar zurfi.

Abin da yankin Tafkin Chadi ya faɗa

Ba sai mun tafi nesa ba kafin mu ga amfanin waɗannan hanyoyi. Yankin Tafkin Chadi yana cikin wuraren da aka fi karanta tarihin yanayinsu a Afirka, kuma labarin da ya bayar abin mamaki ne.

Kimanin shekara 20,000 da suka wuce duniya tana cikin tsananin sanyi. Ƙanƙara ta lulluɓe Kanada da arewacin Turai. Ruwan da ya daskare a kan tudu ya yi yawa, har teku ta yi ƙasa da kimanin mita 120 idan aka kwatanta da yau. Ke nan inda Legas take yanzu ba bakin teku ba ne a lokacin, gaɓar tana can gaba. A Afirka ta Yamma wannan zamani na fari ne. Tafkin Chadi ya ƙafe ko ya kusa ƙafewa, hamada kuma ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomita. Shaidar tana nan har gobe. A sassan Jigawa da Yobe da Kano akwai dogayen tuddai a jere, waɗanda ake noman gero da gyaɗa a kansu. Tsofaffin tuddan rairayi ne da iska ta tara, daga baya ciyawa ta ɗaure su. Wani masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, A. T. Grove, ya yi rubutu a kansu tun a 1958.

Daga baya sai al'amari ya juya. Tsakanin kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, damina ta yi ƙarfi ta kutsa can cikin Sahara. Tafkin Chadi ya cika ya batse, har faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 350,000, wato fiye da sulusin faɗin Nijeriya. Ta yaya aka san iyakarsa? Akwai wani dogon tudu na rairayi da tsakuwa da ya ratsa ta Maiduguri da Konduga da Bama ya shiga Kamaru, ana kiransa Tudun Bama. Tsohuwar gaɓar tafkin ce, wadda igiyar ruwa ta gina. Yau tsakanin Maiduguri da ruwan tafkin akwai tafiyar fiye da kilomita 100. A wancan zamani idan tafkin ya cika, yakan yi ambaliya ta kogin Mayo Kebbi ya zuba a Binuwai. Ashe ruwan Chadi ya taɓa bi ta inda Makurdi da Lakwaja da Anacha suke a yau, ya faɗa teku.

A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a kusa da ƙauyen Dufuna a Jihar Yobe, sai ya ci karo da wani katako a zurfin kimanin mita 5. Ashe kwalekwale ne. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka tono shi. Tsawonsa ya haura mita 8, an sassaƙa shi daga gungumen itace guda. Jiƙaƙƙen yumɓun da ya rufe shi ya hana iska shiga, shi ya sa bai ruɓe ba. Gwajin kabon-14 ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Shi ne kwalekwale mafi tsufa da aka sani a Afirka, yana kuma cikin mafiya tsufa a duniya. Ba a sassaƙa irin wannan jirgi don kududdufi.

A can arewa, cikin hamadar Tenere ta Jamhuriyar Nijar, akwai wani wuri mai suna Gobero. A shekarar 2000 ayarin wani masani Ba'amurke, Paul Sereno, ya gano tsohuwar maƙabarta a wurin, mai kaburbura kimanin 200. Tare da ƙasusuwan mutane an sami na kada, da na dorinar ruwa, da na giwan ruwa, da zagon kamun kifi da aka yi da ƙashi. Gwaji ya nuna al'umma biyu ne suka zauna a bakin wani tafki a wurin, ɗaya bayan ɗaya. Tsakaninsu akwai giɓin kimanin shekara 1,000, lokacin da tafkin ya ƙafe kowa ya watse. Da ruwa ya dawo wasu mutanen suka zo. Da ya sake ƙafewa kimanin shekara 4,500 da suka wuce, ba wanda ya ƙara dawowa.

Ko ƙurar hunturu da ke rufe sararin sama daga Sakkwato har Legas tana da alaƙa da wannan tarihi. Wani kaso nata yana tasowa ne daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, wanda shi ne wuri mafi zurfi na tsohon tafkin. Farar ƙasar da ke kwance a can ɓawon wasu mitsi-mitsin halittun ruwa ne da suka mutu suka taru a gindin tafkin. Wato ɗalibin da ke share ƙura a kan teburinsa a watan Janairu, mai yiwuwa gindin tsohon tafki yake sharewa.

Ruwa ba ya tsami banza

Me ya kawo wannan juyi? Amsar tana sama. Duniya tana zagaya rana, amma zagayen ba ya tsayawa a kan tsari ɗaya har abada. Siffar hanyar da take bi tana sauyawa a kan kimanin shekara 100,000. Karkatar da ta yi tana ƙaruwa tana raguwa a kan shekara 41,000. Tana kuma yin wata irin tangaɗi kamar katantanwar wasan yara idan ta kusa faɗuwa, wanda tasirinsa yake kewayowa a kan shekara dubu ashirin da 'yan kai. Wani masanin lissafi ɗan Sabiya, Milutin Milankovitch, shi ne ya lissafa yadda waɗannan abubuwa uku suke sauya rabon hasken rana a doron ƙasa. Kimanin shekara 10,000 da suka wuce, arewacin duniya yana samun zafin rana a lokacin bazara da damina fiye da yau. Ƙasa ta ƙara ɗumi, ta ƙara janyo iska mai laima daga teku, damina ta yi ƙarfi. Ciyawa da tafkuna kuma suka taimaka wajen riƙe laimar. Da tangaɗin ya juya, damina ta janye kudu, Sahara ta koma hamada.

Masu cewa "ai dama can"

Yanzu mu koma ga masu uzuri. Gaskiya ne yanayi ya sha sauyawa, kuma ba hannun ɗan'adam a cikin bushewar Gobero. Amma wannan hujja tana da rauni ta fuska uku.

Na farko, tarihin bai ce yanayi yana sauyawa haka kawai ba. Cewa ya yi kowane sauyi da dalilinsa. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce, mene ne dalilin na yanzu? Tangaɗin duniya yana aiki ne a kan dubban shekaru, ba zai iya bayyana ɗumamar da aka gani a cikin ƙarni ɗaya da rabi ba. A cikin wannan ɗan lokaci zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1 a ma'aunin Salshiyos. Amsar ta fito ne daga wata shimfiɗar dabam. A Antatika, can ƙuryar kudu, masana daga ƙasashen Turai sun huda ƙanƙara zurfin fiye da kilomita 3, suka zaro tarihin shekara 800,000. A cikin ƙanƙarar akwai 'yan kumfa da suka kulle iskar kowane zamani. Da aka auna, sai aka ga iskar kabon dayoksaid, wadda ke riƙe zafi a sararin sama, tana hawa da sauka tsakanin kashi 180 da kashi 300 cikin miliyan. Idan ta yi ƙasa ana sanyi, idan ta yi sama ana ɗumi. Kafin zamanin masana'antu tana wajen 280. Yau ta haura 420, adadin da ba a gan shi ba ko sau ɗaya a cikin waɗannan shekaru 800,000.

Daga ina ƙarin ya fito? Agogon kabon-14 da kansa ya ba da shaida. Kwal da man fetur sun yi miliyoyin shekaru a binne, don haka kabon-14 ɗinsu ya ƙare ƙaf. Idan aka ƙona su, hayaƙinsu yakan tsarma kabon-14 na cikin iska, kamar yadda ruwa ke tsarma nono. A 1955 wani masani mai suna Hans Suess ya ga alamar wannan tsarmawa a zobban itatuwa. Ke nan an ga sawun mai laifi.

Na biyu, tarihin ya nuna cewa daminar Afirka ta Yamma ba abar wasa ba ce. Ɗan sauyi a rabon hasken rana ya isa ya mai da hamada makiyaya, ya kuma mai da makiyaya hamada. Wanda ya ji cewa gidansa ya taɓa cin wuta ta dalilin tartsatsi ɗaya, ba zai ce, "Ai dama yana ci," ya ci gaba da wasa da ashana ba.

Na uku, duniyar yau ba ta mutanen Gobero ba ce. Su da tafkinsu ya ƙafe, sun tattara komatsansu sun bi ruwa, babu iyakar ƙasa, babu gonar wani a gabansu. Yau Nijeriya kaɗai tana da mutum fiye da miliyan 200. Kowace fadama da mai ita, kowane burtali gonaki sun matse shi. Legas da Fatakwal ba sa ɗaukuwa a kai a matsa da su gaba idan teku ta taso. Sauyin da ya sa mutanen da ƙaura, mu rigima da yunwa zai jawo mana.

Masu shakkar agogon

Akwai kuma masu cewa, "Wa ya gani? Ta yaya mutum zai dubi guntun gawayi ya ce shekararsa dubu kaza?" Wannan tambaya ce mai kyau, bai kamata a raina mai yin ta ba. Lalle agogon yakan yi kuskure. Saiwar sabon tsiro tana iya kutsawa cikin tsohuwar shimfiɗa ta rage mata shekaru. Katantanwar da ta rayu a ruwan da ya bi ta cikin dutsen farar ƙasa tana iya nuna tsufan da ya wuce nata. Gara da ɓeraye suna hargitsa ƙasa. Yawan kabon-14 na cikin iska ma bai tsaya daidai ba a kowane zamani.

Amma masanan da kansu ne suka gano waɗannan matsaloli, suka kuma nemi maganinsu. Ana daidaita agogon kabon-14 da zobban itatuwa waɗanda aka ƙirga shekarunsu ɗaya bayan ɗaya. Ana rubuta kowane sakamako tare da iyakar kuskurensa. Ana kuma neman shaida fiye da ɗaya. Katakon Dufuna a ɗakunan gwaji biyu aka auna shi, a biranen Kiel da Kolon na Jamus, sakamakon kuma ya zo kusa da juna. Idan gawayi da rairayi da garin fure, waɗanda kowanne da hanyar awonsa, suka faɗi magana ɗaya, da wuya a ce haɗa baki suka yi.

Har yanzu akwai inda masana ke jayayya. Lakar da aka haƙo daga gindin teku a gaɓar Muritaniya ta nuna ƙurar Sahara ta ƙaru kwatsam kimanin shekara 5,500 da suka wuce, abin da ke nufin bushewar ta zo da sauri. Amma lakar Tafkin Yoa a arewacin Chadi, wadda Stefan Kröpelin da abokan aikinsa suka bayyana sakamakonta a 2008, ta nuna tsirrai sun janye sannu a hankali cikin dubban shekaru. Wannan saɓani bai rushe ilimin ba. Duka ɓangarorin sun yarda Sahara ta taɓa zama kore. Saurin bushewar ne ake muhawara a kai, kuma mai yiwuwa ya bambanta daga wuri zuwa wuri.

Ina ruwan mai neman abinci da tsohon ƙashi?

Hujja ta ƙarshe ita ce ta aljihu. Ƙasar da ke fama da talauci, me zai kai ta kashe kuɗi a kan laka da burbushi? Misali biyu sun isa amsa.

A farkon shekarun 1960 faɗin Tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Shekarun 1950 da 1960 na ruwa ne sosai. Bisa wannan hali aka tsara babban aikin noman rani na kudancin Tafkin Chadi a Jihar Borno, wanda aka yi niyyar ya shayar da dubban kadada ta hanyar janyo ruwa daga tafkin. Sai ga farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1985. Tafkin ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100, ruwa ya janye ya bar bakin magudanar a tsandauri. Aikin bai taɓa kaiwa ga abin da aka yi buri ba. Alhali tafkin ya taɓa yin irin wannan janyewa a farkon ƙarni na 20, lakar gindinsa kuma tana nuna hawa da sauka al'adarsa ce. An ɗauki shekarun albarka a matsayin ƙa'ida. Bayanan ruwan sama da aka rubuta a Nijeriya ba su kai shekara 150 ba. Wanda zai gina madatsar ruwa ko gada da zai so ta yi ƙarni guda tana aiki, yana bukatar ya san mafi munin fari da mafi girman ambaliya da wurin ya taɓa gani, kuma wannan sai a cikin ƙasa ake samunsa.

Misali na biyu shi ne ruwan ƙarƙashin ƙasa. A Borno akwai rijiyoyin burtsatse masu zurfi da ruwansu ke bulbulowa da kansa ba tare da inji ba. Gwajin kabon-14 ya nuna cewa wannan ruwa ya shiga ƙasa ne kimanin shekara 20,000 da suka wuce ko fiye. Ma'ana, daminar bana ba ta mayar da abin da aka ɗiba. Gado ne ake ci. An bar wasu rijiyoyin suna kwarara dare da rana shekara da shekaru, ƙarfin bulbularsu kuwa ya ragu. Wanda ya san shekarun ruwan da yake sha zai san yadda zai tattala shi.

Abin da ya rage gare mu

Idan mun yarda cewa wannan tarihi gargaɗi ne, to akwai aiki a gabanmu, kuma kowa da rabonsa.

Hukumomi da jami'o'i su tanadi ɗakunan gwaji da ƙwararru a gida. Abin kunya ne a ce an sami kwalekwale mafi tsufa a Afirka a ƙasarmu, amma sanin shekarunsa sai da aka ƙetare teku. Ba abu ne da ya gagari Afirka ba, domin tun a shekarun 1960 Cheikh Anta Diop ya kafa ɗakin gwajin kabon-14 a Dakar. Haɗin gwiwa da baƙi abu ne mai kyau, amma da ɗan gari akan ci gari. Haka kuma kowace rijiyar burtsatse da aka haƙa, ya kamata a rubuta irin shimfiɗun da aka ratsa, a adana bayanin inda mai bincike zai same shi.

Jama'a kuma su san cewa darajar tsohon abu tana tare da shimfiɗar da yake ciki. An yi asarar ilimi mai yawa a yankin Nok, inda masu tono ba bisa ƙa'ida ba suka fizge gumakan yumɓu suka sayar, suka watsar da gawayin da zai faɗi shekarunsu. A kwatanta da Iwo Eleru kusa da Akure, da Igbo-Ukwu a Jihar Anambra, inda Thurstan Shaw ya yi tono a tsanake, aka rubuta inda kowane abu ya fito. Saboda wannan kulawa ne muka san cewa ƙoƙon kan mutumin Iwo Eleru ya haura shekara 10,000, kayan tagullar Igbo-Ukwu kuma sun kai kimanin shekara 1,000. Wanda ya tsinci tsohon ƙashi, ko tukunya, ko katako a cikin ƙasa, ya bar shi a wurinsa, ya sanar da hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa. Da a ce an faskara katakon Dufuna an yi girki da shi, da shi ke nan.

Ku kuma ɗalibai, ba sai kun jira ɗakin gwaji ba. Duk inda aka yanka tudu don hanya ta wuce, ko aka haƙi ramin ɗibar ƙasa, ko zaizaya ta tsaga kwari, akwai shafi a buɗe. Ku tsaya daga inda ba haɗari, ku duba launin kowace shimfiɗa, ku gwada kaurinta, ku zana ta a littafi. Ku tambayi kanku: ruwa ne ya kawo wannan ko iska? Wace ce ta riga kwantawa? Ku tambayi masu haƙa rijiya na garinku abin da suke tararwa a kowane zurfi. Daga irin waɗannan tambayoyi ne masana suke farawa.

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. A wannan fage waiwaye ya wuce ado, domin shi ne kaɗai ke nuna mana iyakar abin da yanayi zai iya yi. Ƙasa ta shaida cewa inda ake kamun kifi zai iya zama hamada, inda ake noma kuma zai iya zama gindin tafki. Mutanen da ba su da hanyar sanin abin da ke tafe. Mu muna da ita, kuma a wannan karon da hannunmu a cikin dalilin sauyin. Wanda aka yi wa gargaɗi ya mai da shi uzuri, idan abin ya zo ba shi da wanda zai zarga.